Sandar Dattijo a Bikin Saba'in

Watana shida a Uppsala abokin aikina ya miƙo mini katin gayyata: 70-talsfest, ranar Asabar, halv åtta. Fest dai na san biki ne, 70 kuwa ba ta buƙatar tafinta. Na duba tal a ƙamus, na ga "jawabi". Shi ke nan, na ce mahaifinsa ne ya cika saba'in, kuma ana son baƙi su ce wani abu.

Kwana uku ina haddar jawabi da harshen Suwidin. Na sayi sandar dogarawa mai kan azurfa, na zaro babbar rigar mahaifina daga ƙasan akwati, na karya hula. Takwas da rabi daidai na isa, ina yaba wa kaina. Ashe halv åtta rabin hanya ce zuwa takwas, wato bakwai da rabi.

Ana buɗe ƙofa waƙar Waterloo ta ABBA ta daki kunnena. Maza sanye da wando mai ƙafa kamar bakin algaita, mata sai ƙyalli. Can gefe na hango mai furfura guda ɗaya, fuska a murtuke. Na ce ga mai biki. Na rusuna, na miƙa sanda da hannu biyu, na fara: "Baba, shekara saba'in ba wasa ba..."

Maƙwabcin bene na ƙasa ne, ya hawo ƙorafin kiɗa. Shekararsa hamsin da biyu.

Abokina ya ja ni kicin yana share hawayen dariya, ya warware mini ma'anar katin. Mu mukan ce "tuwon jiya", lokaci a baya; su kuwa lokacin suke sawa gaba, su manna shi da sunan da harafin s, su zama kalma guda. 70-tal shekarun 1970 ke nan, kamar yadda 1800-talshus yake nufin gidan ƙarni na 19. Bikin cika saba'in 70-årsfest ne. Tal ɗin nan mai fuska biyu shi ya kai ni ya baro.

Wajen sha ɗaya na dare aka zaɓi wanda ya fi kowa shigar zamanin, sai ga ni na lashe. Ban yi musu ba, don a 1975 aka ɗinka rigar a Kano.

Maƙwabcin bai dawo da sandar ba. Abokina ya ce da ita yake bugun silin duk ranar da aka ƙure kiɗa.