Kunne Ba Ya Ƙirga Haƙori

Na san masu gardama na nan, musamman direbobin Golf da ke jigila tsakanin Sakkwato, Achida, Wurno da Goronyo. Da an ce a duba maki kafin a mayar da bel ɗin taimin, sai wani ya karkace hula ya ce, "Wanga malami mi yas sani? Mu da kunne muka saita mota." Sannu, sarkin ji! Sai dai kunnen naka ba ya fara aiki sai inji ya tashi, ɓarna kuwa tun a bugun farko take aukuwa.

Karanshaf na juyi biyu, kamshaf na yin ɗaya, bel ɗin ne ke riƙe da wannan alkawari. A injina da yawa, fistin da bawul wuri ɗaya suke ziyarta, kowa da lokacinsa, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. In ɗaya ta yi riga-malam-masallaci, taɓare za su gwabza. A inji kuwa bawul ne ke lanƙwashewa, daga nan sai sauke kan inji, kuɗin shinkafar Wurno buhu-buhu su tafi.

Dattawan garejin Rabah za su ce tun zamanin 504 suke kwance inji. Allah ya ja kwana, baba, ba mu musa ba. Amma 504 sarƙa gare ta, ba bel ba. Ƙanwarta 406 ramuka aka yi mata, a zura ƙarfe a kulle komai kafin a taɓa bel. Faransawan da suka ƙera ta ma ba su yarda da kunnensu ba.

A Golf 3 mai bawul takwas, wuri uku ake dubawa. Fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa, a ga makin fulawil ta ramin da ke jikin giyabos. Makin fulin kamshaf ya zauna daidai da nasa. Na ukun shi yaran gareji ke mantawa: bel ɗin nan na juya sandar da ke tafiyar da distiributa, dole hancin rota ya kalli tsagar da ke bakinta. In an manta, a yi ta murza makulli har batir ya mutu, sannan a ɗora wa mai sayar da fetur laifi.

"To, in yaro ya riga ya juya komai bayan an cire bel fa?" Yauwa, yanzu ka yi tambaya. Kada a murza kamshaf alhali fistin na sama. A ɗan janye karanshaf, fistin su sauka tsakiya, a saita kamshaf, sannan a dawo da karanshaf kan maki a hankali. An sa bel, an ɗaure? Kada a taɓa makulli tukuna. A sa sifana a juya inji da hannu sau biyu. In ya cije, a tsaya, ba wurin nuna ƙarfi ba ne. In ya wuce, a sake duba maki.

Kuskuren haƙorin bel ɗaya ba lalle ya hana mota tashi ba, shi ya sa mai kunne ke tafawa. Bari a lafta mata albasar Goronyo, ya ga yadda za ta riƙa nishi tana shan mai.

Direba, gobe in za a canja maka bel, bar shayin nan ka tsaya a kan bakanike har ya nuna maka makin da idonka.