Ilimin Ɓoye Saƙo a Kasuwar Ose Okwodu

Kasuwar Ose Okwodu, wadda ke bakin Kogin Kwara a birnin Onitsha na Jihar Anambra, ta daɗe tana karɓar albasa da barkono da wake da busasshen kifi daga Arewa, kuma Hausawan da ke wannan fatauci sun yi suna wajen iya rarrabe kaya, har ta kai ɗan kasuwa yakan dubi buhu daga nesa ya ce albasar Aliero ce, ya kuma tuna bashin da yake bin wata mai dafa abinci tun daminar bara ba tare da ya buɗe littafi ba. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda wannan basira take tsayawa cak a ƙofar akwatin imel, wato ma'ajiyar wasiƙun da ake aikowa ta intanet, inda dubban saƙonni ke jibge babu wanda aka buɗe, wasu ma sukan nuna wa abokai yawansu a matsayin shaidar cewa duniya ta san da zamansu.

Ya kamata a yi wa Alhaji ɗan kasuwa adalci, domin ba shi ya buɗe akwatin ba. Wayar Android ba ta barin a sauko da manhaja daga rumbun Google sai da adireshi, saboda haka yaron da ya sayar masa da wayar ne ya ƙirƙiro masa ɗaya a tsaye, ya rubuta kalmar sirri a bayan kwali, kwalin kuwa aka hura wuta da shi da yamma. Akwatin ya zauna shiru har zuwa Oktoban 2022, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a a farkon 2023, mai sayar da tattasai ya koma karɓar kuɗi ta OPay da Moniepoint da PalmPay. Kusan kowace takardar rajista tana neman imel, kowane kamfani kuma yana da abin faɗa kullum. Bankuna suna cirar kuɗi a kan saƙon tes, naira 4 a da, naira 6 daga 2025, alhali sanarwar imel kyauta ce; amma mutumin da zai yi rabin sa'a yana jayayya da ɗan dako a kan naira 50 ya gwammace ya biya, saboda ƙarar tes ita ce ke kwantar masa da hankali.

Daga nan sai mai gyara ya shigo, wanda galibi ɗa ne ko ƙane da ya yi difloma ya zo hutu. Shi ya san cewa Gmail, da aka ƙaddamar ranar 1 ga Afrilun 2004, yana ba da damar kasa wasiƙu cikin jakunkuna masu suna da launi, kuma tun 2013 yana ware tallace-tallace da kansa. Yakan fara da hankali: jakar Banki, jakar Kaya, jakar Ƙungiya. Kafin la'asar sai a ga an sami Muhimmi, da Muhimmi Ƙwarai, da Muhimmi na Gaggawa, da Sai An Duba, sannan wata mai suna Sauran Abubuwa, wadda a ƙarshe ita ke haɗiye kusan komai. Babu wasiƙa ɗaya da aka karanta a duk tsawon wannan aiki, sai dai kowace ta sami ɗaki da launinta.

Ƙololuwar fannin ita ce matata, wato doka da ake gindaya wa akwatin cewa duk saƙon da ya fito daga wane, ko yake ɗauke da kalma kaza, a wuce da shi wuri kaza ba tare da an dami maigida ba. Mazauna Ose ba su ga wani sabon abu a nan ba, domin wannan shi ne aikin yaron shago tun kaka da kakanni: mai kawo kuɗi a ce masa «Bismillah, shigo, yana ciki», mai bin bashi kuwa a ce masa «Maigida ya tafi masallaci», ko da ƙafafun maigidan suna leƙowa ta bayan buhunan wake. Bambancin kawai shi ne yaro yakan ji kunya wani lokaci. Matata tana da wani zaɓi da ke sa wa saƙo alamar an karanta tun kafin ido ya sauka a kansa, kuma har yanzu malaman zaure ba su yanke hukuncin wanda ya ce «na gani» bisa shaidar na'ura ba.

Akan sami kuskure ta fuska biyu. Mai gyara ya umarci matata da ta kai duk wasiƙar da ta ambaci biyan kuɗi cikin Muhimmi na Gaggawa, sai jakar ta cika da wasiƙun matan marigayan ministoci masu neman amintaccen mutum da zai riƙe musu miliyoyin daloli, irin sana'ar da sashe na 419 na dokar manyan laifuka ya ba wa suna. Sanarwar gaske kuma ta faɗa jakar shara, inda Gmail ke share abin da ya kwana 30.

A Amurka, wani marubuci mai suna Merlin Mann ya yi fice tun 2006 da koyar da yadda za a bar akwati babu saƙo ko ɗaya, ta hanyar amsawa ko sharewa ko miƙa wa wani. Ose ta cimma wannan matsayi ta gajeriyar hanya. Idan hotunan buhuna da bidiyon biki suka cinye gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, ko wayar ta faɗa kwata, sai a buɗe sabon adireshi fes, har mutum ya tara huɗu, banki kuwa yana riƙe da na farko, mai kalmar sirrin da aka hura wuta da ita. Harkar gaske dai tana tafiya ta saƙon murya a WhatsApp, inda direban tirela ke kwashe minti uku yana gaisuwa kafin ya ambaci cewa taya ta fashe a Lokoja.

Ranar da imel ke nuna ikonsa ita ce ranar da manhajar kuɗi ta rufe, ta ce ta aika lambar tabbatarwa mai ƙarewa cikin 'yan mintuna, mai saye yana tsaye da kwandonsa, mai gyara kuma ya koma makaranta wayarsa a kashe. A duba Banki babu, a duba Muhimmi Ƙwarai sai matar minista. Idan aka sami mai gyaran da daddare, umarnin Alhaji ɗaya ne, cewa a rushe jakunkunan nan duka a mayar masa da kayansa yadda suke a jibge, domin a da ko ba ya karantawa ya san inda suke.