Wa Ya Koya Wa Dodo Tuƙin Mota?

Akwai wani irin mutum da ba a sanin shehin malami ne sai an gama fim ɗin ban tsoro an kunna fitila. Tun farkon fim yana rungume da matashin kai, yana leƙe ta tsakanin yatsu, a'uziyya ba ta bar bakinsa ba. Ana fara jero sunayen 'yan wasa sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ni fa labarin nan bai ɗinku ba."

Shi ke nan, kotu ta zauna. Wanda aka fi gurfanarwa shi ne Michael Myers na fim ɗin Halloween, wanda John Carpenter ya fitar a 1978. Yaron ya kashe yayarsa yana ɗan shekara 6, aka kulle shi a asibitin masu taɓin hankali shekara 15, ranar da ya tsere kuma ya faɗa mota ya ja ta har garinsu. To wa ya koya masa tuƙi? A kan wannan ake ta da jijiyar wuya fiye da shekara 40. Ku lura, mutumin nan likitansa ya ɗirka masa harsashi shida, ya faɗo daga bene, aka leƙa ba a gan shi ba. Wannan duk ya wuce salin-alin, babu mai ƙorafi. Lasin tuƙi ne ya tsaya wa masana a maƙogwaro.

Sai a koma kan A Quiet Place na 2018, inda wasu halittu ke farauta da jin sauti. Tunda ƙarar ruwan da ke kwararowa daga dutse tana ɓoye murya, me ya hana iyalin da ke cikin fim ɗin su tare a can? Kuma wane kafinta ne ya bar ƙusa a matakala tsininta na kallon sama? Mai wannan tambaya, in ka bincika, makullin babur ɗinsa ma sai gida ya taru ake gano masa. Amma ya san yadda ake tsira da mata da 'ya'ya ranar da duniya ta kife.

A kan Signs na 2002 kam ina tare da su. Baƙi daga wata duniya, ruwa na ƙona musu fata, suka rasa inda za su kai hari sai duniyar da kusan kashi 70 cikin 100 na bayanta ruwa ne, ko rigar leda ba su ɗauko ba. Haba jama'a!

Zargina shi ne gardamar nan maganin tsoro ce. Wanda ya kama marubuci da kuskure ya samu hujjar cewa abin ƙarya ne, sai barci ya yiwu. Da kaka ke ba mu tatsuniyar Dodo, babu wanda ya taɓa tambayar sunan ubansa ko unguwar da ya taso. Ana jin ya doso rijiya kowa ke ƙara matsawa jikin ɗan'uwansa.

Masu shirya fim kuwa sun ji koke. A 2007 Rob Zombie ya sake yin Halloween, ya zauna ya warware yarintar Michael dalla-dalla: gidan da babu kwanciyar hankali, azzaluman yara a makaranta, zaman asibiti. Sai masu neman bayanin suka murtuke fuska, wai an kashe musu tsoro, dodon ya koma abin tausayi.

Shi Jason na Friday the 13th ma ya sha tuhuma. Fim na farko, na 1980, ya ce ya nutse a tafki tun yana yaro a 1957, uwarsa ce ke kisa don ramuwa. A 1981 sai ga shi ƙato, lafiya lau, a wata bukka cikin daji. Ina ya shiga duk shekarun nan, me ya hana shi leƙa gyatumarsa? Kafin a gama wannan shari'a, a fim na goma masu shi sun daskarar da shi sun loda shi a kumbo, ya farka a shekarar 2455 yana saran mutane a sararin samaniya.