Waya a Kan Babur: Kowa da Irin Ɗaurinsa

Da gwamnatin Kano ta hana acaba a watan Janairun 2013, mutane da yawa sun ɗauka babur ya yi ritaya ya bar wa Adaidaita Sahu titi. Ashe sana'a ya sauya. Yau matan aure na sayar da atamfa da turaren wuta da dambun nama daga tsakar ɗakinsu ta WhatsApp da Instagram, kuma duk abin da aka saya sai an sami mai kai shi. Mai kaiwar nan yawanci matashi ne a kan Boxer ko Jincheng ko Haojue, da akwati a bayansa, haifaffen Kurna ne amma an ce ya kai kaya wani layi a Mariri da ko sunansa bai taɓa ji ba. Dole waya ta zama jagora. Sai dai babur ba shi da wurin ajiye waya, ita kuma taswira cin caji gare ta, don fuskar wayar a kunne take tun daga tashi har isa. Wajen neman inda za a maƙala ta da abin da za a ciyar da ita ne halin kowane mahayi yake fitowa fili.

Dattijon wannan fage shi ne Mai Roba. Shi bai san wani abin riƙe waya na kanti ba. Tsohon tif na taya yake samu ya sa reza ya yanko siririya, ya naɗe wayar a tsakiyar kan babur. Hujjarsa kuma ba ta tankwaruwa: robar da ta riƙe buhun masara daga Dawanau har gida ba za ta kasa riƙe Itel ba. Gaskiyarsa ne, wayarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Illa dai robar takan bi daidai ta kan kibiyar da ke nuna kwana, gefenta kuma ya danne maɓalli, sai wayar ta riƙa ɗaukar hoton sararin samaniya ko ta kashe kanta ba da izininsa ba. In kira ya shigo kuwa, kafin ya gama warware naɗin mai kiran ya haƙura ya nemi wani.

Ƙaninsa Mai Hannu Ɗaya ko robar ma bai ga amfaninta ba. Waya a hannun hagu, wato hannun kuloci, ido ɗaya a taswira ɗaya a titi. In zai sa giya sai ya cafke wayar da baki ko ya matse ta a cinya. Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba, masu ɗori sun fi mu saninsa.

Wanda ya cancanci a shimfiɗa masa tabarma shi ne Injiniya. Bai yi makarantar lantarki ba, bai zauna a gaban mai wayarin ba, amma ya kalli bidiyo biyu a waya, ga shi da filaya da salatif baƙi. Rabin karatun ya sani, kuma rabin daidai ne: batirin babur bolt 12 yake bayarwa, waya kuwa bolt 5 take karɓa ta igiyar caji, saboda haka sai an sa 'yar na'urar da ke sauko da ƙarfin wutar a tsakani. Ya sayi na'urar. Inda karatun ya yanke shi ne wurin da za a jona ta. Ƙa'ida ita ce a ɗauko wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, a kuma sa fiyus kusa da inda aka ɗauko. Injiniya ya ga wannan dogon lissafi ne, sai ya ɗaura wayoyinsa biyu kai tsaye a kan batir. Cajar nan tana da 'yar fitila shuɗiya da ba ta barci, tana tsotson wuta dare da rana, batirin ƙaramin babur kuwa ba na mota ba ne, ɗan abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Babur ya yi kwanaki a soro ba a hau ba, a danna sitata a ji tsit. Sai a koma kik, ana gumi ana tsine wa wanda ya sayar da batirin. Ba za ka taɓa ji ya ambaci fitilar shuɗiya a cikin waɗanda yake tuhuma ba.

In ya gaji da wannan, sai ya koma layin fitilar gaba, ya ce ai can ma akwai wuta. Akwai, amma wace iri? A ƙananan babura da yawa fitilar gaba ba daga batir take sha ba, kai tsaye daga injin take samu, shi ya sa take haske in an murɗa totur, ta dushe in an tsaya a danja. Wuta ce mai kai da komowa, mai hawa da sauka. Caja ta hau kanta, ko dai ta ƙone, ko wayar ta yini tana ƙara tana cewa ta kama caji, ta saki, ta kama, ta saki. Duk wannan abin dariya ne. Inda dariya ke ƙarewa shi ne batun fiyus. Injiniya yana ganin fiyus a matsayin ɗan rainin wayo da ke yawan tsinkewa, don haka in ya tsinke sai ya naɗa zaren waya mai kauri a gurbinsa. Wayoyin nan kuma ta ƙarƙashin tankin fetur suke bi, suna gogar ƙarfe duk lokacin da aka karya kan babur. Fiyus ɗin da ya kora shi ne kaɗai aka ɗauka aikin mutuwa a madadin babur ɗin da mai shi.

Akwai wanda ya ga abin da ya sami Injiniya ya ce shi ba ruwansa da wayarin. Wannan shi ne Ɗan Fawa Bank. Tubalin cajinsa na aljihun gaba na kaftani, igiya ta fito ta wuyan riga ta miƙe har kan babur. Dabara ce mai kyau, in ban da mantuwa. Yana isa wurin da aka aike shi sai ya dira da sauri, igiya ta miƙe, sannan a ga wanda zai sallama tsakanin wayar da aljihun. Yawanci ramin cajin wayar ne ke sallamawa. Daga ranar wayarsa ba ta kama caji sai an karkata igiyar an tokare ta da tsinken ashana.

A Farm Centre, kasuwar waya, za ka haɗu da Alhaji Araha. Ya tara kuɗin watanni ya sayi Infinix sabuwa, ya sa mata gilashi ya sa mata riga, sannan ya tsaya yana ciniki a kan abin da zai riƙe ta. An nuna masa na ƙarfe mai kama kusurwa huɗu da noti, ya ce da tsada. An nuna masa na roba mai sifirin, ya taya rabin kuɗi aka ce ya kawo. Mai shagon har ya ce masa, "Alhaji, wannan fa na keke ne." Ya ce ai duk ƙafa biyu ce. A kan kwalta mai santsi abin lafiya lau. Gargadar farko bayan gadar sama ita ce jarrabawa: wayar ta yi sama, ta sauko, ta yi birgima, motar da ke biye ta kammala aikin. Washegari yana layin masu canza gilashi a kasuwar da ya baro jiya, yana ba da labarin yadda kayan yanzu ba su da aminci.

Kishiyarsa Ɗan Gayu ne, wanda aka fi gani a titunan Abuja ranar Asabar, kan ƙaton babur mai rurin zaki. Shi komai nasa mai tsada ne, har maƙalin wayar daga waje aka kawo. Abin da bai karanta ba shi ne gargaɗin da kamfanin Apple ya fitar a watan Satumban 2021, cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone. A cikin kyamarar akwai 'yan ƙananan sassa masu motsi da ke daidaita hoto in hannu ya yi rawa, kuma jijjigar da ke bi ta kan babur tana gajiyar da su. Kamfanin ya ce ko a ƙananan babura a sa maƙali mai shanye girgiza. Ɗan Gayu ya ɗaure tasa ƙam a kan ƙarfe. Bayan 'yan watanni duk hoton da ya ɗauka sai ya fito yana kaɗawa. Mutumin da ya sayi babur don a ɗauke shi hoto, ya sayi waya don ta ɗauka, sai ga ɗaya ya cinye ɗaya.

Yanayi ma na da nasa mutanen. Wani ya sayo jakar waya baƙa mai tagar leda don tsoron ruwa, ya ci gaba da amfani da ita har cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Alhali Apple, misali, tsakanin digiri 0 da 35 ya ce a yi aiki da wayarsa. Ga rana, ga caji, ga hasken fuska an ƙure shi don a gani. Wayar takan fara rage haskenta, ta daina karɓar caji, daga ƙarshe ta rubuta cewa sai ta huce, daidai lokacin da aka iso mararraba. Da damina kuma sai Mai Ledar Burodi ya fito, yana dangwalar taswira ta cikin leda jiƙaƙƙiya, ita kuma tana kai shi Zariya alhali Zoo Road ya nufa.

To, a ce an ɗaure, an jona, waya na aiki. Saura a ga yadda za a zauna da muryar da ke cikinta. Mai Biyayya duk abin da ta faɗa ya zauna. "Baturiyar ta ce a yi dama," ko da daman nan kwata ce, ko layin da aka toshe da rumfar biki, ko titi mai hannu ɗaya da 'yan KAROTA ke jira a ƙarshensa. Tun watan Yulin 2019 Google ya kawo wa Najeriya tsarin taswira na masu babur, mai la'akari da ƙananan hanyoyin da mota ba ta shiga, har da murya mai Turancin 'yan ƙasa. Mai Biyayya bai taɓa danna hoton babur ɗin ba. A tsarin mota yake, yana zagaye unguwa guda don isa gidan da lungu ɗaya ya raba shi da shi.

Mai Gardama kuwa ya ɗaura wayar ne don ya sami abokin musu. Ta ce hagu, ya ce, "Ke yaushe kika zo garin?" ya yi dama. Ta sake lissafi, ya sake saɓa mata. In ya riga lokacin da ta yanka masa, majalisa za ta sha labari har isha'i. In ya makara, laifin netwok ne. A cikin birni, tsakanin lungunan Jakara da bayan Kurmi, na fi ba shi gaskiya a kan wayar, don akwai lungun da taswira ke nunawa a buɗe alhali soron wani ne. Yana da wani ɗan'uwa mai ƙyashin data, da ke kunnawa ya leƙa ya kashe, yana zaton taurarin ɗan'adam ne ke cinye masa kuɗi. Taurarin GPS na Amurka, da ke can sama kimanin kilomita 20,000, ba sa karɓar sisi. Waya saurarensu kawai take yi, in ta ji huɗu ta gane inda take. Zanen taswirar da labarin cunkoso ne ke cin data, kuma ana iya sauke taswirar gari gaba ɗaya a ajiye a waya tun a gida.

Mai Tsoron Ƙwace ba na yi masa dariya sosai. Maƙalinsa na nan a kan babur, mai kyau, amma fanko. Ya san waya mai haske a kan babur da magariba a cunkoso talla ce, kuma ƙwacen waya a Kano ba tatsuniya ba ne. Tasa na can cikin aljihun ciki, abin ji ɗaya a kunne, ɗaya kunnen na titi. Ba ya ganin kibiya, murya kawai yake bi, in ya rikice ya gangara gaban wani shago ya duba. A duk jerin nan shi ne ya fi yawan isa gida da wayarsa da haƙoransa.

Amma duk ƙoƙarin mahayi, akwai mai iya rusa shi da dangwale ɗaya, ita ce Hajiya Mai Lokeshan. "Na turo maka lokeshan, ka bi kawai." Ya bi. Ya ƙona mai, ya keta cunkoson Kabuga, kibiya ta ce ya iso. Ya ɗaga kai ya ga wurin taron biki a rufe. Ya kira: "Hajiya, ga ni a ƙofa." Ta ce wace ƙofar? Ashe lokacin da ta tura tana wurin kamun 'yar ƙawarta ne, gidanta kuwa na Hotoro. Sai a koma tsohon kwatance: ka wuce gidan mai, ka bar masallacin Juma'a a hagunka, ka ga taransifoma, ka tambayi mai shayi gidan Maman Khalifa. Mai shayin ba shi da batir ba shi da maƙali, ya nuna masa da ludayi, ya ƙara da cewa a buga da ƙarfi don ƙararrawar ba ta aiki. In an zo biyan kuɗi kuma, Hajiya ta ce an makara, a rage mata.

Don haka Hajiya, don Allah, in za ki tura lokeshan ki tura kina tsaye a ƙofar gidanki, ki faɗi launin get ɗin, ki kuma bar wayarki a kunne har yaron ya iso.