Mun Iya Dubiya, Juyi Ne Ya Gagare Mu

Mu mutanen Gidan Dahala, in dai dubiya ce babu mai koya mana. Tsoho ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ko kabu-kabu ya kayar da matashi laka ta taɓu, kafin la'asar ƙofar zaure ta cika da takalma. Wannan da lemu, wancan da kwanon fura, kowa da "Allah shi sa kaffara ne". Mu zauna, mu taɓa hirar tsadar gero, mu shafa fatiha mu tashi. Majinyaci kuwa yana nan rigingine yadda aka ajiye shi tun hantsi.

Ran nan a majalisa wani dattijonmu da ya yi ritaya daga aikin jinya ya tsokano zancen. Ya ce, "Ku dai huska kuka dubi. Cikinku wa yat taɓa ɗaga zane shi ga baya?"

Mai shayi ya zaro ido. "Haba Baba, in buɗe tsiraicin mahaihina?"

"To kunyar taka ita ka cin namanai."

Aka kwashe da dariya, amma gaskiya ya faɗa. Gyambon kwanciya ba jifa ba ne, ba sammu ba. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa isa wurin, naman ya fara mutuwa. Kwankwaso, kwatangwalo, duga-dugai, allon kafaɗa da ƙeya, nan yake fara ɓarna. A baƙar fata irin tamu da wuya a ga ja. Wurin kan ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, mu kuma mun shimfiɗa masa leda don kada katifa ta lalace. Gumi da fitsari su jiƙa fatar, mu zo mu ja shi a kan shimfiɗa maimakon mu ɗaga shi, ta saluɓe.

Da ciwo ya buɗe kuma, kowa ya zama likita. Gwaggo ta ce toka, maƙwabci ya fasa kafso ja-da-yalo ya barbaɗa, wani ya murje wurin da man zafi, alhali murzar ƙara ɓata shi take yi. Abinci kuwa koko safe, koko dare, wai ba ya son nauyi. Fatar da za ta warke tana buƙatar ƙwai, wake, kifi, nono da isasshen ruwa.

Da hirar majalisa ta zo kan juya majinyaci, tela ya ce, "Baba, a riƙa juya shi bayan kowace salla mana."

"Tsakanin isha'i da asuba hwa? Awa biyu-biyu aka juyawa, dare da rana."

A sa matashin kai tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa don duga-dugai su bar katifa, a wanke shi a tsane da zarar ya ɓaci. In fata ta fashe, balle a ji wari, a ga mugunya ko zazzaɓi, a nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin ciwon kan kai ƙashi, ya shiga jini.

Maƙwabci, in ka je dubiya gobe, tambayi masu jinya yaushe aka juya shi. In an haura awa biyu, ajiye lemun, naɗe hannun riga ka kama musu.