Ku Masu Raina Koko Da Ƙosai

'Yan shayi da burodi, ku matso, yau da ku nake. Na san da kun ji an ambaci koko da ƙosai za ku taɓe baki, ku ce ai wannan kalacin almajirai ne da masu sammakon gona. Wani ma cewa zai yi, "Malam, duk matsalolin Jigawa ka rasa na rubutawa sai ƙosai?" Na ji, Yallaɓai. Ajiye kofin ka saurara.

A birnin Taipei na Taiwan akwai wani shago mai suna Fuhang, a saman benen kasuwar Huashan. Tun da asuba ake jera masa layi, har layin ya gangaro matakala ya fito titi, da 'yan gari da baƙin da jirgi ya kawo. A 2018 littafin Michelin, wanda manyan masu dafa abinci na duniya ke kwana da fargabarsa, ya sa shagon cikin wuraren da ake cin mai daɗi da araha. Me ake sayarwa? Ruwan waken suya da aka markaɗa aka tafasa, sai dogon soyayyen ƙullin fulawa da ake tsomawa a ciki. Mutanen da suka tsallako daga babban yankin Sin a 1949, da yawansu tsofaffin sojoji, su suka yaɗa wannan kalaci, unguwar Yonghe ta yi suna da shi. Akwai ma mai gishiri da ake ɗiga wa ruwan tsami har ya yi gudaji. Ranka ya daɗe, wannan ai awara ce da aka sauke tun ba ta haɗu ba.

To mu dawo Garki. Ta masarautar Ringim nake nufi, 'yan Abuja ku koma ku zauna.

Ka fito bayan sallar asuba a cikin hunturu ka bi hayaƙi. Inna na kan kujera 'yar tsugunno, wake ta surfe shi tun jiya, an kai markaɗe da attarugu da albasa, tana ta bugun ƙullu da ludayi har ya tashi. Wanda bai bugu ba shi ke shan mai ya kwanta a kasko, kuma ita ta fi ka sanin haka. Tana ɗiba tana sakawa, ya nutse, ya taso, ta juya shi da tsinke, ta kwashe da matsami. Ga bokitin koko a gefe, gasarar gero ce da ta kwana ta yi tsami, citta da kanumfari da masoro suna dukan hanci tun kafin a buɗe murfi. Wake da gero, duka daga gonakin da ke bayan gari. Burodinku kuwa alkamarsa sai ta hau jirgin ruwa kafin ta iso Legas, kuɗinsa na bin dala sama da ƙasa, amma shi ne na masu wayewa.

Na hango likitan unguwa ya ɗaga hannu: ƙura fa, ƙuda fa, man da aka soya jiya da shekaranjiya fa? Maganar mai kam ka yi gaskiya, akwai kaskon da in ka leƙa sai ka yi salati. Canza layi kawai, masu ƙosai ba su ƙare ba. Amma ban taɓa jin ka tambayi mai shayi sau nawa ya canza ruwan wanke kofi ba.

Sai babban mai gardama, Alhaji magidanci, wanda ke cewa mai iyali ba ya karyawa a titi, zubar da girma ne. Madalla. Wa ke turo yaron nan kullum da kwanon sha mai murfi da kuɗi a dunƙule a hannu, yana cewa, "Inna, wai in ji Baba a sa yaji da yawa"? Kuma ranar da aka manta gyara, duk layin sai sun ji faɗanka daga zaure.