Sarƙata a Wuyan 'Yar Fim

Sana'ata shirya tsakiya: sarƙar wuya, abin hannu, da jigida ga amaren da suka iya rufe baki. Akwai wani zubi da nake taƙama da shi, ja uku, fari ɗaya, baƙi biyu, sannan ƙaton dutse ruwan zuma a tsakiya. A Sanyinna har daga Kebbe ake aiko mini da saƙonsa.

Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 matan unguwarmu suka mai da falon maƙwabciyarmu mai sola majalisa. Wani dare yaron gidan ya murɗa zuwa wata tasha daban, ana wani fim mai dogon zango. Uwargida tana kuka an yi mata kishiya, kowa ya yi tagumi. Ni kuwa wuyanta nake kallo.

"Ku tsaya! Wagga sarƙa tawa ta!"

Na tashi da ƙarfi, zanena ya kwashi faifan da ke cinyata. Tsakiyar aikin mako guda ta watse a siminti. Gwaggo, wadda ta miƙe don ta ga abin da ya faru, ta taka ta zauna daɓas, ƙafafu sama. Ko salati ba ta gama ba ta ce, "Ɗiyata, an sace miki basira. Kar ki yarda!"

Kafin azahar ta washegari labari ya zama wai 'yan fim sun aiko mota daga Kano a ɗauke ni. Ban ƙaryata ba, tunda ba wanda ya tambaye ni. Na dai ninka kuɗin sarƙar, na sa mata suna 'Yar Talabijin, na karɓi kuɗin amare da dama tun kafin in zura zare a allura.

Sai na ɗauki hanyar Sakkwato sayen kaya, ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga, ina ta tsara yadda zan tsaya gaban alƙali. A kasuwa na ba mai tsakiya labari, na ciro sarƙar daga jaka a hankali. Bai ce uffan ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo buhu. Ja uku, fari ɗaya, baƙi biyu, dozin-dozin cikin leda, na roba, daga Sin. Kuɗin guda bai kai abin da nake kashewa a zare da maƙalli ba.

"Hajiya, dozin nawa za a ƙirga miki?"

Nan take ƙarar tawa ta girma. Da 'yan fim kawai zan kai, yanzu ga ƙasa sukutum mai mutum fiye da biliyan ɗaya.

Na dawo na zayyana wa kakarmu, Inna, komai. Tana jan carbi tana saurare. Da na kai aya sai ta sa aka sauko da wata tsohuwar kwalla daga saman jere, ta kwance ƙullin tsumma. Zubin nan ne, ɗaya bayan ɗaya, sai dai nata na ƙarau ne mai nauyi da sanyi a tafin hannu, duwatsun ba su kai juna girma ba, ramukan sun siɗe saboda tsufa. Wani Banufe ɗan koli ya sayar wa mahaifinta lokacin aurenta. Aikin Masaga ne, maƙeran gilashin Bida, waɗanda ke narka kwalabe a wuta su naɗa narkakken a tsinken ƙarfe su fitar da duwatsu da awarwaro. Ta ce ina goye a bayanta nake tsotsar wannan dutsen na tsakiya, har sau ɗaya na kusa haɗiye shi.

"To mi kika ƙirƙira, 'yan nan? Yawu?"

Na ce ai ko Banufen ma wani ya gani. Ta ce wannan tsakaninsa da Allah ne, ita dai nata a hannu yake.

Amaren da suka biya kuɗi na yi musu aikinsu, kuma ban rage ko sisi ba, don nawa ba ya ɓarewa in ya sha zufa. Sai dai yanzu Inna ta kafa doka: duk 'Yar Talabijin da ta fita daga gidan nan, kuɗin goronta na ciki. Gwaggo ma ta shigar da tata ƙarar, ta kuɗin man zafi. Yaron mai sola kuma ya ce shi ya murɗa tashar.